Farmasin da ta hana ni magani

Wata shida ke nan ina sayen maganin Inna a wata farmasi da ke kan titin zuwa babbar kasuwar Maraɗi, mai koren gicciye a ƙofa. Ciwon suga gare ta, allurar insulin kuwa ba ta son zafi. Abin da ya fara kai ni ke nan: suna da firiji da injin wuta, ko an ɗauke wuta allurar tana cikin sanyi.

Ranar da na je da tari na ce a ba ni amoksisilin, yarinyar da ke kan kanta ta ce, "Baba, ina takardar likita?" Na ce shekara ashirin ina shansa ba wanda ya tambaye ni. Ta kira dokta, wato mai farmasin, daga ciki. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi kwana nawa, akwai zazzaɓi ko babu, sannan ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, ba zan bayar ba." Na fita raina a ɓace. A bakin tasha mai tire zai ɓalle maka ƙwaya biyu kan dala goma, ko sunanka bai tambaya.

Amma da na koma na tsaya na karanta takardun da ke rataye a bango: digirinsa na Dakar, da izinin buɗe shago daga ma'aikatar lafiya. A da, gwamnati ce kusan kaɗai ke shigo da magani, ta hannun ONPPC, hukumar magunguna ta ƙasa da aka kafa a 1962, ana sayarwa a farmasin gwamnati. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 magani ya yi tsada, masu shimfiɗa shi a ƙasa suka cika kasuwa, kaya na ta shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Mu da muka ga sanƙarau na 1995 mun tuna an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu a ƙasar nan. Sai a 1997 aka yi dokar da ta fayyace wa ke da ikon sayar da magani. Takardar bangon nan jikar wannan doka ce: in ya ba ni ruɓaɓɓen kaya, akwai inda zan kai ƙara, ana iya rufe masa shago.

Ba su rasa aibi ba. Da yamma layi har waje, benci ɗaya tal, tsofaffi a tsaye. Kuɗinsu ma da ɗan nauyi, ko da yake in ka ce aljihu ba ƙarfi sukan fiddo maka jenerik mai rahusa, su rubuta a jikin kwali sau nawa za a sha. Makon da suke gadi, wato lokacin da aikin dare ya zagayo kansu, na taɓa buga musu taga ƙarfe biyu na dare, aka buɗe.

Tarin nan dai, da ruwan ɗumi da zuma, kwana biyar ya tafi. Ban faɗa wa dokta ba har yau.