Huda gilashi ko rataya akwatin zuƙo: wanne ya fi wa mai tankin tace a ƙasa?

Malam, ka ce akwatin kifinka na gilashi tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 45, tsayi 50, kaurin gilashin milimita 10, yana falo a unguwar Rikkos da ke Jos. Kana son ka ajiye tankin tace ruwa a ƙarƙashinsa cikin kabad, kuma ka rasa wanne za ka yi: ka huda gilashin ruwa ya riƙa gangarawa ta rami, ko ka sayi akwatin nan da ake ratayawa a baki, ya riƙa zuƙo ruwan ta sama ba tare da an taɓa gilashi ba. Ni huda nake zaɓa maka, muddin gilashin na hudawa ne kuma za ka iya kwashe kifi da ruwan gaba ɗaya. Babban dalilina wutar lantarkinmu ce, zan zo kanta.

Aikin da hanyoyin biyu ke yi ɗaya ne. Injin da ke tankin ƙasa yana tura ruwa sama, ruwan ya cika ya kai wani mizani, abin da ya haura ya sauko ƙasa ya bi ta soso da duwatsun tace, ya koma wajen injin. Bambancin yana wajen saukowar. A gilashin da aka huda, ruwa na bin rami ya faɗo da nauyinsa, ba ya neman taimakon kowa. A akwatin rataye kuwa sai ya fara hawa ya tsallake bakin gilashi kafin ya sauka, ta cikin wani lanƙwasasshen bututu, irin yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Muddin bututun cike yake da ruwa, lafiya lau. Iska na shiga, shi ke nan.

Ba zan ƙwari akwatin rataye ba. Mai kyau an ƙera shi yadda bakunan bututun biyu za su zauna cikin ruwa ko da inji ya tsaya, saboda haka ɗauke wuta kaɗai ba ta isa ta katse zuƙon ba. Abin da ke katse shi kumfar iska ce da ke taruwa a ƙololuwar lanƙwasar kaɗan-kaɗan, musamman idan ruwan ba ya gudu da ƙarfin da zai kore ta. Yau ɗigo, gobe ɗigo, bututun ya yi gansakuka ba ka ma ganin cikinsa. Wasu samfuran har da ɗan ƙaramin inji suke zuwa mai zuƙe iskar, wato an ƙara maka abu na biyu mai jiran wuta, mai iya mutuwa.

To ka ɗauka an ɗauke wuta da hantsi, kana kasuwa, iyali sun fita unguwa, sai aka dawo da ita da azahar kuma zuƙon bai tashi ba. Injin ƙasa bai san da wannan ba. Zai ci gaba da tura ruwa sama har sai ɗakinsa, wato ɓangaren tankin ƙasa da yake zaune a ciki, ya ƙafe. Yi lissafi da akwatinka: 120 sau 45 ya ba da 5,400, wato kowane santimita ɗaya na tsayin ruwa lita 5.4 ne. Idan sararin da ya rage tsakanin ruwa da bakin gilashi santimita 2 ne, kimanin lita 11 kawai zai iya karɓa. Duk abin da ya wuce haka a kan kafet zai sauka, kusa da soket da wayoyi, injin kuma ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Maganin da ake yi shi ne a ƙuntata ɗakin injin yadda ruwan cikinsa ba zai kai lita 11 ɗin ba, ko a sa masa makunni mai yawo a kan ruwa da zai kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa. Yana aiki. Sai dai ƙuntataccen ɗaki a hunturun Jos wata wahala ce, domin duk ruwan da busasshiyar iska ta shanye daga ɗakin injin yake raguwa, ba daga sama ba. A watan Disamba da Janairu sai ka ga kullum kana tsaye da bokiti kana ciko.

A ƙasashen da ake shekara ba a ɗauke wuta ba, mutum na iya zama da akwatin rataye har ya manta da wannan matsala. Mu a nan kowace dawowar wuta jarrabawa ce, har da lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareto ko inbata. Haɗarin huda kuwa sau ɗaya ake fuskantarsa, a tsakar gida, akwati babu ruwa babu kifi, kana tsaye a kansa.

Kafin komai ka tabbatar da irin gilashin, domin a nan gizo ke saƙar. Akwai gilashi na yau da kullum da masu tagogi ke yankawa da abin yanka mai bakin lu'ulu'u, akwai kuma gasasshe. Shi gasasshen ana zafafa shi sama da digiri 600 sannan a huce shi da iska farat ɗaya, fatarsa ta matse, cikinsa ya zauna a ɗaure. Ya fi na yau da kullum ƙarfi kusan ninki huɗu, amma da zarar an keta fatar sai ya tarwatse gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Gilashin ƙofar mota irinsa ne. Ba a yanka shi, ba a huda shi, duk ramin da ka gani a jikinsa an yi shi ne kafin gashi. Babu gwanin da zai iya, kada wani ya ce maka hannunsa daban ne.

Idan mai gilashi ne ya haɗa maka akwatin a nan gari, ya yanko daga babban falle, to ba gasasshe ba ne, tunda gasasshe ba ya yankuwa. Idan kuwa na kamfani ne daga waje, sai a bincika, domin da yawa gindinsu gasasshe ne ko da gefunan ba haka ba. Duba kusurwoyi ko akwai hatimi. Sannan ka samu tabarau irin na direbobi mai tace ƙyallin rana, ka buɗe farin shafi a kwamfutar tafi-da-gidanka, ka sa ta a bayan gilashin, ka riƙa juya tabaran a hankali har fuskar kwamfutar ta yi duhu. Idan duhun ya zo bai ɗaya, gilashi ne na yau da kullum. Idan ka ga layuka ko dabbare-dabbare, ajiye injin huda. Kowane falle ka gwada shi daban. Yawan samun gasasshen gindi ne ma ya sa na fi son a huda bangon baya a bar gindi.

Kada ka sayi bakin huda kafin ka riƙe soket ɗin a hannu. Soket ɗin da nake nufi shi ne mai leɓe da zoben roba da noti, irin wanda masu gyaran famfo ke ɗaurawa a jikin tankin roba na saman gida. Na bututu inci ɗaya yawanci ramin milimita 45 yake so, amma masu ƙerawa sun bambanta, saboda haka auna wuyansa da kanka. Bakin hudar kuma sai mai ƙurar lu'ulu'u, zagayayye kamar kofi, ba na katako ko na ƙarfe ba. Tsakanin bakin rami da bakin gilashi ka bar aƙalla faɗin ramin kansa, haka ma tsakanin rami da rami. In ka samu sarari fiye da haka, ya fi.

Ga yadda aikin yake a kusa. Kwantar da akwatin a kan bargo, bangon da za a huda yana sama. Samo guntun falanki a Kasuwar Katako, ka huda shi daidai girman ramin, ka ɗaure shi a kan gilashin da matsi, shi zai hana bakin hudar zamewa a farko. Ta ƙasa ka tallafe wurin da wani katakon ko ka lulluɓe shi da tef mai ƙarfi, don kada ƙwayar gilashin da za ta fita ta faɗa kan ɗaya bangon ta fasa shi; ka shimfiɗa tawul a ciki ma. Cika ramin falankin da ruwa, wani ya tsaya da gora yana ƙarawa. Yi amfani da inji mai batir, domin ruwa da wayar wuta ba sa haɗuwa, ka kashe masa bugun guduma, ka sa shi a gudu mafi ƙanƙanta. Kada ka danna. Nauyin injin ya isa, ai niƙa gilashin kake yi ba sara ba. Ruwan zai yi fari kamar nono, za ka ji ƙara mai laushi iri ɗaya. Idan ka ji ta sauya ta yi kaifi, ruwa ya yi kaɗan ne. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne milimita ɗaya na ƙarshe, lokacin da mutum ya ƙagu: a nan ma za ka ƙara sassauta hannu, in ba haka ba bakin ramin ya ɓantare ta baya. In da hali ka fara gwada hannunka a guntun gilashi mai kauri ɗaya, masu tagogi na da su zube. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, kai wa mai gilashin da ya saba huda madubi da teburi, amma ku yi magana tun farko kan wa zai ɗauki asara idan ya fashe.

Wajen ɗaura soket, zoben robar yana zama a gefen leɓe, ba a gefen noti ba. Ɗaure da hannu, ka ƙara kwata ɗin juyi, ka tsaya. Sifana da ƙarfin tuwo su ke tsaga gilashin da ya tsira daga huda. Kada ka shafa silikon a kan robar, yana sa ta zame. Bututun da ke sauka kuma ka tallafe shi a jikin kabad, kada nauyinsa ya rataya a wuyan soket.

Tunda ka riga ka kwantar da akwatin, yi rami biyu, ba ɗaya ba. A nan huda ta yi wa akwatin rataye nisa. Da rami ɗaya tsarin da ake kira Durso ake yi, ruwa da iska suna sauka tare, yana ɗan gurnani, kuma katantanwa ɗaya ko ganye na iya toshe shi. Da biyu sai ka yi tsarin Herbie: bututu na farko yana nutse, an sa masa bawul mai murɗawa a hankali, a daidaita shi har ya cika da ruwa zalla ya yi shiru, na biyu yana sama da shi kaɗan, a buɗe, ba bawul, yana jiran ranar da na farko zai toshe. Masu manyan akwatuna har na uku suke ƙarawa, amma lita 270 ba ta buƙatar haka. Abin da ba a yi shi ne sa bawul a bututun da ba shi da mataimaki. Injin da zai juya ruwan akwatin sau 3 zuwa 5 a awa ya wadatar, wato tsakanin lita 800 da 1,350, ka tuna kuma adadin da ke jikin kwali yana raguwa sosai idan ruwan zai hau sama da mita ɗaya.

Akwai matsalar da huda ba ta raba ka da ita, kuma ta shafi hanyoyin biyu daidai wa daida. Idan wuta ta ɗauke, ruwan sama zai ci gaba da sauka har ya kai bakin magudanar, bututun da ke kai ruwa sama shi ma ya juya ya zama mazuƙi. Idan bakinsa na nutse santimita 10, lita 54 zai kwaso ya juye a tankin ƙasa. Sa bakin kusa da saman ruwa, ka yi masa ɗan rami na milimita 3 a ƙasa da mizanin ruwa kaɗan don iska ta shiga ta katse zuƙon, ka riƙa sosa ramin da tsinke saboda gansakuka. Bawul mai hana komawa baya ban yarda da shi shi kaɗai ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa. Idan ruwan zai sauka santimita 3 ne, lita 16 ke nan da 'yan kai, to ka bar wa tankin ƙasa sararin lita 25. Bayan ka haɗa komai, cika shi a tsakar gida ya kwana biyu, ka zare filogi da hannunka, ka ga inda ruwa ya tsaya, ka mayar, ka ja layi da maka a inda ya zauna. Ba a ciko ya wuce wannan layin.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo: bakin huda da soket biyu da bututu a wajen masu kayan famfo sun fi arha a kan akwatin rataye da sai an yi odarsa, sai dai in gilashi ya fashe.

Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma yawancin kifayen ado na ƙasashen zafi digiri 24 zuwa 27 suke so, saboda haka hita dole ce a hunturu. Tankin ƙasa wuri ne mai kyau na ɓoye ta, amma a ɗakin da ruwansa ba ya raguwa, ba a ɗakin inji ba, kada ta fito fili tana kunne ta tsage. Yi wa tankin murfi, zai rage sanyi da ƙafewa.

Idan gwajin tabarau ya nuna gasasshe ne, ban ma ce ka garzaya wajen akwatin rataye ba. Matacin gwangwani rufaffe, mai zama a kabad da tiyo biyu, ba shi da buɗaɗɗen tanki da zai yi ambaliya. Ko ka ɗora doguwar kwamin tace a saman akwatin, inji ya tura ruwa sama ya dawo da nauyinsa. Ba ta da kyan gani a falo, amma wuta ta tafi ta dawo babu ruwanta. Gwada gilashin tukuna, ka turo hoton bayan akwatin da cikin kabad ɗin tare da awonsa, sai mu ga inda ramukan za su zauna.