Zoben Hawke matsakaici ya raba ni da ɗaga wuya

Ina da ɗan gidan kaji a bayan Rigachikun, kuma abin da ke cin ribata ɓeraye ne da gafiyoyi masu shiga ɗakin dusa da daddare. Guba ba ta yiwuwa a inda kaji suke. Shi ya sa na nemi lasisi wajen 'yan sanda, don a dokar ƙasar nan bindigar iska ma sai da shi, na mallaki mai sifirin, wadda ake karya bututunta a sa harsashi, mai cin harsashi .22, wato milimita 5.5. Na ɗora mata madubin saiti 3-9x40, wato mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9, da gilashin gaba mai faɗin milimita 40. Madubin lafiyarsa ƙalau. Zoben da ke riƙe shi ne ya ba ni wuya wata huɗu.

Zoben farko kyauta ya zo a kwali, ba suna ba tambari, dogo kamar ƙafar zalɓe. Da na ɗaura shi bindigar ta yi kwarjini, har ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai ta fim ce." Sai da na zo harbi na gane. In na kwantar da kuncina a kan ƙotar bindigar yadda ya kamata, baƙi nake gani a madubi. Dole in ɗaga kai har haɓata ce kawai ke taɓa katako, kuma kan da ke lilo ba ya komawa wuri ɗaya sau biyu. A taku 25 harsasaina suka riƙa watsuwa kamar an watsa wa kaji dawa. A ɗakin dusa kuwa, inda nisan bai wuce taku 7 ba, kullum ƙarƙashin ɓera nake samu, domin duk yadda madubi ya yi nisa da bututun bindiga, haka harsashi ke sauka ƙasa da saiti a kurkusa. Ga shi kuma yana zamewa baya. Bindiga mai sifirin tana girgiza gaba da baya a harbi ɗaya, zoben kuwa ba shi da ƙusar tsayarwa mai hana shi zamewa.

Kafin in sake sayen wani sai na kwance madubin kaɗai na kai Panteka. Ban ɗauki bindigar ba. Mai hankali ba ya ratsa Kawo da doguwar jaka a bayan mota, ko da takardunsa a aljihu. Wani dattijo mai injin gyaran ƙarfe ya ɗauko ma'auninsa mai baki kamar na kada, ya kama kan madubin, ya ce, "Alhaji, wa ya ce maka 40 ne? Gilashin ne 40. Da gidansa 48." Can kuskurena yake. Lissafin ba wuya: rabin 48 shi ne 24. Jikin madubin inci 1 ne, milimita 25.4, rabinsa 12.7. Ka cire, saura 11.3. Ke nan daga saman bindiga zuwa inda madubi ke kwanciya a cikin zobe ina buƙatar abin da ya ɗara 11.3, da ƙarin milimita 2 ko 3 saboda murfin roba. Wanda nake fama da shi ya kusa ninka haka.

A nan a kula: kalmomin gajere, matsakaici da dogo ba ma'auni ba ne. Wani kamfani daga gindi zuwa tsakiyar zobe yake aunawa, wani zuwa ƙasan zobe. Lambar za ka nema, ka kuma tambayi daga ina aka auna.

Na yi odar zoben kamfanin Hawke mai suna Match Mount, mai guda biyu, matsakaici, na inci 1, mai kama layin saman bindiga, inda ake ɗaure zobe, mai faɗin milimita 9 zuwa 11. Layin da ke kan yawancin bindigogin iska 11 ne, don haka ya zauna daram ba tare da na cusa masa gwangwani ba. Abin da ya fi burge ni ƙusar tsayarwa da ke ƙarƙashin ɗayan zoben, wadda ke faɗawa ramin da ke bayan layin. Tun da ta shiga, na yi wa jikin madubin alama da fensir, na harba gwangwanin harsashi guda da rabi, alamar tana nan inda na bar ta. Cikin zoben akwai ɗan shafi mai laushi da ke hana shi cin fentin madubi. Notinan na ɗaure su da alanki kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, da ɗan guntun hannun alankin. Masu ɗaure shi kamar tayar Keke Napep su ne ke lotsa madubi.

Tsakanin kan madubin da bindiga yanzu katin ATM biyu ne ke shiga a haɗe, na uku ba ya shiga. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa ba ya son ma'auni: ka rufe ido, ka ɗora bindigar da ba harsashi a kafaɗa, ka kwantar da kunci, ka buɗe. In da'irar ta cika tas, zoben naka ne. Na yi sau goma, sau goma ta cika.

Ba kowa zai yi wa daidai ba. Mai madubin da gilashinsa 50 ne sai dogo. Mai jikin milimita 30 ya nemi na 30. Wanda layin bindigarsa mai faɗi ne mai tsaga-tsaga, irin Weaver ko Picatinny, wannan ba zai kama ba sam. Wasu kuma ƙaramin saitin ƙarfe na baya ne zai tokare kan madubin, sai an cire shi ko a ƙara tsawo.

Kuɗinsa ya fi na marasa suna da ake zubarwa a intanet, amma ban yi da-na-sani ba. Daren Asabar da ta wuce na zauna kan buhun dusa da tocila, gafiya uku suka fito, biyu ba su koma ba. Ta ukun ni ne na yi gaggawar jan kunama.