Na yi odar Naruto da Turanci, aka cusa mani shida na Faransanci

Sai da na bari zuciyata ta huce kafin in rubuta wannan, don da a ranar da muka buɗe kwalin na ɗauki waya, da abin da zan rubuta bai karantu ba. Ba zan kama suna ba. Masu bibiyar shagunan Instagram dai sun san irin masu kawo littattafan manga, wato labaran zane na Japan, da riguna masu zanen jaruman anime, wato katun ɗinsu, suna zaune Kano suna aiko kaya Katsina ta tasha. To, ɗaya daga cikinsu ne. Kuɗin ma ba sai na faɗa ba, kowa ya san yadda dala take, kuma kowa ya san ba abin da mutum zai ciro daga aljihun gaba ba ne.

Mu uku ne tun muna ƙaramar sakandare. Abin da ya haɗa mu ba karatu ba ne, kar ma in yi ƙarya. Dish ne na gidan su ɗayanmu a Ƙofar Ƙaura, inda muke tsugunawa bayan la'asar muna kallon Captain Majid a Spacetoon da Larabcin da ba ma jin ko rabinsa, mutum ya buga ƙwallo yau ba ta shiga raga ba sai gobe. Sai da muka girma muka gane ashe ɗan Japan ne, sunansa na yanka Tsubasa. Daga nan muka koma faifan CD na Babbar Kasuwa, irin wanda ake cusa sassa ashirin a faifai guda, ya riƙa sarƙewa daidai inda faɗa ya yi daɗi. Daga baya kuma masu turi a waya suka ɗauke mu. A haka muka cinye Naruto, labarin wani yaro ɗan ninja, sassa 220 na farko da 500 na ci gabansa, Shippuden, a cikin ƙarar janareta da faɗan iyaye.

Shi mai dish ɗin Allah ya yi mashi tafiya karatu Maleshiya. Shekara huɗu yana ƙona mana rai da hotuna. Ya shiga kantin littattafai na Kinokuniya da ke ƙarƙashin tagwayen benayen Petronas a Kuala Lumpur, ya tsaya gaban kantar manga mai tsawon layin sallar Juma'a, ya turo mana hoto ya rubuta “ina ma kuna nan”. Na biyunmu ya je Alƙahira ya je Umara, shi ma yana da bakin magana. Ni kuwa iyakar ƙasar wajen da na taka Maraɗi ce, ta Jibiya, kilomita wajen casa'in, kuma ba a taɓa zama an tashi ba a tuna mani ba. Ɗan Maleshiya ya dawo da littafi uku kacal saboda nauyin jaka, kullum yana cewa ya bar zuciyarsa a wancan kanti. Shi ya sa da aka sa ranar aurensa, muka ce kowa zai kai mashi shadda da turare, mu bari mu yi karo-karo mu biyu mu saya mashi akwatin Naruto na farko, littafi na 1 zuwa na 27, bugun Turanci na kamfanin Viz. Nan ne labarin yarantar yaron ya ƙare kafin a tsallaka shekaru, kuma a ƙarshen na 27 ne aka sa tarihin Kakashi, malamin Naruto, yana yaro, wanda ango yake so kamar ransa.

Mai kaya ya ce sati uku. Na tura kuɗi duka, ban ma tsaya cewa rabi ba, wannan wautata ce na yarda. Sati uku suka zama bakwai. Yau kaya na kargo, gobe suna hannun kwastan, jibi yaronsa ne ba shi da lafiya. Aka ɗaura aure aka watse, muka je hannu na dukan cinya, ina ta yi wa ango rantsuwa cewa kyautarsa na hanya. Kwana biyar bayan biki direba ya kira ni daga tasha. Na hau Napep na je, ya ce sai na biya kuɗin mota, alhali mai kaya ya rubuta mani ƙarara cewa ya biya. Na biya don kar a tara mani jama'a a kan kwali.

Ban buɗe ba. Na ce daɗin abin a buɗe gaban mai shi. Bayan isha'i muka hallara ƙofar gidan ango a Layout, aka shimfiɗa darduma, aka ɗora shayi, amarya ta aiko da dubulan da cincin na gara. Ango ya sa reza ya yanke salatif yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Abu na farko, babu akwatin nan mai hannu da aka nuna mani a hoto, babu fosta, littattafan an ɗaure su da robar kuɗi cikin kwalin taliya. Na haɗiye wannan. Muka fara jerawa, na ɗaya, na biyu, har na takwas. Sai muka ishe na 9 ya fi sauran gajarta, kuma yana da wata riga ta takarda mai sheƙi da ake cirewa. Haka na 10, haka har na 14. Ango ya buɗe, ya kai fuska kusa da fitila, ya ɗago ya dube ni.

“Mutumina, yaushe na fara jin Faransanci ban sani ba?”

Littafi shida, daga 9 zuwa 14, bugun kamfanin Kana ne na Faransanci. Kuma duk wanda ya san labarin ya san abin da ke wannan tsakanin. Jarrabawar Chunin ce, wadda yaran ninja ke gwabzawa don ƙarin matsayi. Faɗan Rock Lee da Gaara, wanda muka maimaita har faifan ya ƙi yi, yana cikin na 10. Kamar ka sayi rago a kawo maka shi an cire hanta da ƙoda.

Nan take na kira mai kaya na sa a amsa-kuwwa don kowa ya ji. Na yi sallama, na gaishe shi da aiki, na faɗa mashi abin da muka gani. Ya yi shiru kaɗan, sai ya ce, “Haba yallaɓai, ai wannan hoto ake kallo, rubutun ba wani abu ba ne.”

Wallahi jinkirin sati bakwai bai ƙona ni kamar wannan magana ba. Mutum yana sayar da abu, yana cin abinci da shi, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba. A wurinsa mu manyan banza ne masu gemu da ke sayen littafin zanen yara, don haka ko da Sinanci aka kawo mana sai mu yi godiya. Irin kallon da aka yi mana ke nan tun muna yara, daga kawunai har malaman makaranta, sai ga shi na biya kuɗina an sake yi mani. Masashi Kishimoto, mai labarin, ya shekara goma sha biyar yana zana abin nan mako-mako, daga 1999 zuwa 2014, babi 700, littafi 72, sannan wani ya ce mani rubutun ba wani abu ba ne. Na ce mashi, “Alhaji, in ka je kanti sayen magani aka ba ka wanda ba shi ka tambaya ba, aka ce ai duk ƙwaya ce, za ka sha?” Ya ce zai bincika wajen wanda ya haɗo mashi kayan. Ya kashe.

Ana cikin haka ango yana ta murza takardar na Turancin tsakanin yatsu. Shi da ya riƙe na ainihi ya san su. Ya ce waɗannan kwafi ne. Takardar sirirya kamar ta jarida, ana hango zanen bayan shafi, inda ya kamata ya yi baƙi wuluk ya yi toka-toka, wasu kalmomin kuma sun shige cikin ɗinki sai ka ɓare littafin sosai kafin ka gani. Abin dariyar, guda shidan nan na Faransanci su ne na gaskiya a duk kwalin. Takarda mai kyau, tawada ta zauna, har ƙanshinsu daban.

Da a nan aka tsaya, tauraro ɗaya ma ba zan ba shi ba. Amma akwai wani ɗan'uwan amarya da ya zo biki daga Maraɗi bai koma ba, yana gefe yana shan shayi bai ce uffan ba tun da muka zauna. Mun ɗauka ma abin bai dame shi ba. Sai ya miƙo hannu ya ce a ba shi na 10. Ya juya shi ya buɗe daga dama kamar littafin Larabci, ba tare da kowa ya gaya mashi ba, a nan muka san ɗan gari ne. Ya ce su a can da Faransanci suka kalle shi, kuma a Faransa manga tamkar goro ne a kasuwa, kowane kantin littafi ka shiga akwai. Sai kawai ya fara karantawa yana juya mana da Hausa.

Ban san yadda zan kwatanta maku daren nan ba. Hausar Maraɗi Katsinanci ce tsohuwa, ba mamaki tun da Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi ne suka kafa sarautar can, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Sai dai Faransanci ya shige ta. Makarantar ninja ta koma lakwal. Da ya zo kan malamin Rock Lee, mai koren kaya da gira kamar tsintsiya, sai ya ce “sai mushensa ya ɗaga mashi hannu”. Muka ce wane mushe kuma, wa ya mutu? Ashe haka suke ce wa malamin makaranta. Abokinmu na Alƙahira ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da aka zo inda yaron ya kwance ƙarafan da ke ɗaure a ƙafafunsa ya sake su ƙasa ta tsage, ɗan Maraɗi ya miƙe tsaye yana kwaikwayo, yana canza murya, ya yi ta Gaara a sanyaye kamar mai ciwon haƙori. A ƙarshe ya ce an kwashi Lee an kai shi likita, wato asibiti. Maƙwabcin ango ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Amarya ta aiko yaro ya ce a rage murya, bayan minti goma kuma muka hango ta bakin labule tana saurare.

Mun kai ƙarfe ɗaya. Hira ta bar Naruto ta koma tafiye-tafiye. Ango ya ba da labarin yadda ya kwana uku yana cin biredi don ya sayi littafi ɗaya a Kuala Lumpur. Ɗan Maraɗi ya ce shi burinsa Akihabara a Tokyo, unguwar da aka ce bene-bene ba abin da ake sayarwa sai irin waɗannan kaya. Muka yi lissafin kuɗin jirgi a waya, muka ajiye wayar a hankali, kowa ya kurɓi shayinsa. Kuma a karon farko cikin shekaru, zuwana Maraɗi ya yi mani rana, don ni kaɗai na san unguwannin da yake ambata. Yanzu mu huɗu ne a rukuninmu na WhatsApp. A hanyar gida har na ce a raina, kai, mutumin nan kuskurensa ya zama alheri, bari in yafe.

To, ban yafe ba. Washegari mai kaya ya turo saƙo cewa zai mayar mani da kuɗin littafi shida zuwa Juma'a. Juma'a biyar ke nan. Ina ganin ya buɗe saƙona, ina ganin yana ɗora sabbin kaya yana rubuta “orijina” da manyan baƙaƙe, amma ni ko gaisuwa ba ya amsawa. Na 19 bangonsa ya rabu da cikinsa a karatun farko, sai da ango ya kai wa mai ɗinkin littattafai. A na 23 akwai shafi takwas da aka buga sau biyu, takwas ɗin da ya kamata su zo a wurin kuma babu su. Na duba na 27 da gabana na faɗuwa, Allah ya taimaka labarin Kakashi ya cika, sai dai fuskar Obito, abokin Kakashi, a shafi biyu ta yi duhu kamar an shafa mata gawayi. Da ya gaya mani tun farko cewa kwafi ne, ya rage kuɗi, wataƙila in saya da idona buɗe. Mutane na sayen kwafi, ba sabon abu ba ne. Amma ya karɓi kuɗin na ainihi.

Wanda zai saya wurin irin waɗannan mutane, ya ce a ɗauko mashi bidiyon kayan da ke hannu, a buɗe kowane littafi yana gani, ba hoton da aka sauko daga intanet ba. Kuma kar ya biya duka.

Shekaranjiya mai kayan nawa ya farka, bayan na yi mashi magana a ƙarƙashin wani hotonsa inda kowa ke gani. Ya kira da murya mai laushi, har da “ranka ya daɗe”. Ya ce in aiko mashi da shidan na Faransanci zuwa Kano, kuɗin mota a kaina, shi kuma in kaya sun zo ya musanya da na Turanci. Wato in ba shi na gaskiya ya ba ni kwafi, in kuma biya direba. Duk da haka na kai wa ango maganar, tun da kayansa ne. Ya ce ko da akwatin zinariya za a musanya ba ya bayarwa, ya ma ware su daban a saman kanta, ɗan Maraɗi zai dawo da babbar salla a ci gaba daga na 11.

Tauraro biyu na ba shi, kuma duka biyun na ɗan Maraɗi ne. Har yanzu ina bin sa kuɗin littafi shida, da fosta, da kuɗin da na ba direba a tasha.