Koma ka sake ɗauka, ko zauna ka gyara a waya? Amsa ga ƙanenmu mai hoton baduku

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, amma na bari sai da na sake duban hoton da safe. Ga waɗanda ba su bi zancen ba: ya ɗauki hoton wani dattijo baduku a kasuwar Tawa, yana zaune yana ɗinkin kube, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ya saka mana a zaure, ya ce a faɗa masa gaskiya. Mutum biyu ne kawai suka wuce "masha Allah". Na farko ya ce hoton ba ya gyaruwa, ya koma ya sake ɗauka. Na biyu bai ce uffan ba, ya sauke hoton, ya gyara shi a Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, ya maido. Shi ne ƙanen namu ke tambaya: wa zai bi? Kuma me ya sa maganar na farko ta yi masa zafi, gyaran na biyun ma bai kwanta masa a rai ba?

Kowannensu ya ga wani abu na gaskiya, sai dai babu wanda ya gaya maka abin da ya gani. Aibin hoto iri biyu ne. Akwai wanda ƙafa ke gyarawa, wato inda ka tsaya da lokacin da ka tsaya. Akwai wanda yatsa ke gyarawa bayan ka dawo gida. Na farko ya ga na ƙafa ya manta da na yatsa, na biyu ya sa yatsa a aikin ƙafa.

Ni abu shida na gani a hoton. Turken lantarki yana bayan dattijon kamar daga rawaninsa ya tsiro. Sama ta yi fari fat. Fuska ta nutse cikin inuwar rawani. Hoton ya ɗan karkata zuwa dama. Wani shuɗin bokitin roba ya leƙo a kusurwar ƙasa. Sai hannuwan dattijon, waɗanda su ne mafi kyau a hoton duka, amma sun zama ƴan mitsi-mitsi saboda ka tsaya nesa.

Turken nan taki ɗaya zuwa hagu zai kawar da shi. A waya kuwa, abin goge tabo ba ya sanin mene ne rawani, mene ne turke. Abin da ke kusa yake kwafowa ya shafe wurin da shi. Inda turke ya bi sarari, yana iya ɓacewa lafiya. Inda ya haɗu da rawani kuwa, ka buɗe gyaran ɗan'uwanmu na biyu ka jawo wurin da yatsu biyu, za ka ga bakin rawanin ya narke kamar an zuba masa ruwa.

Zancen sama ya fi wannan tsanani, kuma ina so kowa a zauren nan ya riƙe dalilinsa. Hoton da waya ke ajiyewa a JPEG, wato irin fayil ɗin hoto na yau da kullum, kowane launi matakin haske 256 gare shi, daga 0 zuwa 255. Duk wurin da haske ya kai 255 a dukkan launuka, babu abin da aka ajiye a wurin, babu gajimare, babu shuɗi, fari ne kawai. In ka rage haske daga baya, toka-toka zai koma, domin ba a fito da abin da tun farko bai shiga ba. Wayar da ke iya ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da waya ba ta sarrafa ba, irin fayil ɗin DNG da Snapseed ke buɗewa, takan ba ka ɗan sarari, amma ita ma tana da iyaka. Mu kuma a Tawa, ranar tsaka a kan kai take faɗowa, rawani ya yi wa fuska rumfa, sama kuma tana ƙuna. In ka taɓa fuska a allon waya don ta yi haske, sama ta ƙone. In ka taɓa sama, fuska ta ɓace. Maganin ba a cikin waya yake ba. Ko ka zo da hantsi kafin ƙarfe tara, ko bayan la'asar lokacin da haske ke zuwa daga gefe, ko ka zagaya ka sa katangar ƙasa a bayan mutum, ka fitar da sama daga hoton gaba ɗaya.

Hannuwan ma aikin ƙafa ne. Wani zai ce ai sai a yanke gefe a jawo su. Yi lissafi: hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, faɗinsa fiksel (ɗigo) 4000 ne, tsayinsa 3000. Ka yanke rabi ta kowane ɓangare, saura 2000 da 1500, wato megafiksel 3, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka ɗauka. Balle wanda ɗan'uwanmu ya gyara ba ma asalin hoton ba ne, wanda WhatsApp ya riga ya matse ne. Jawo abu da yatsu biyu lokacin ɗauka ma yankan ne, sai fa in wayarka tana da ido na daban mai hangen nesa. Matsawa kusa ita ce ba ta cin komai. Abin kiyayewa ɗaya, idon waya mai faɗi ne, in ka kai shi dab da fuska hanci yakan kumbura. Amma hannu da basilla da fata, kusanci ƙara musu kyau yake.

Har nan na farko ke da gaskiya. Amma "ba ya gyaruwa" ya yi yawa. Karkatar nan juyawa kaɗan za ta miƙe ta. Bokitin yanka ɗaya ne a kusurwa, ba ka yi asarar komai ba. Inuwar fuska ana iya ɗaga ta kaɗan a wurin kawai, ba a hoton duka ba, domin duhu yakan riƙe wani abu, ba kamar farin da ya ƙone ba, ko da yake in aka matsa masa sai ya fito da tsaki-tsaki.  Uku cikin shida ke nan, aikin minti biyu, kana zaune a fada shayi bai ma nuna ba.

Inda raina ya sosu da gyaran na biyu shi ne fata. Ya ɗaga haske har fatar dattijon ta koma kalar toka, ya kuma goge tamojin fuskarsa. Na san da kyakkyawar niyya ya yi, amma wannan ba dattijon da ka gani ba ne. Baƙar fata ba aibi ba ce da za a gyara. Ku nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, da zane mai ado a bayan mutum. Ku dubi na Malick Sidibé, wanda aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007, da na Philippe Koudjina da ya ɗauki matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970. Fatar mutanensu baƙa ce, tana sheƙi, kowane layi na fuska yana nan. Haske suka nemo wa fatar, ba su canja ta ba. Tamojin fuskar baduku da kantar hannunsa su ne shekarun da ya yi a kan sana'a.

Ta fuskar yadda aka ba ka shawarar kuwa, na farko ya yanke hukunci bai faɗi dalili ba, shi ya sa ta yi zafi. Da ka koma da maganarsa kaɗai, da ƙarfe ɗaya za ka sake zuwa, ka tsaya inda ka tsaya, ka dawo da turken. Da cewa ya yi "hannuwan nan su ne hoton, matsa kusa, kuma dubi abin da ke bayan rawani", da ka tafi da abin yi a hannu. Akwai kuma inda "sake ɗauka" ba shawara ba ce sam. Ranar suna ba ta dawowa. Kaye a filin kokawa sau ɗaya ake yin sa. Wanda ya kawo irin wannan hoton, a taimake shi da abin da yatsa zai iya, a ajiye zancen ƙafa a matsayin guzurin gaba.

Na biyu ya ba da lokacinsa, wannan abin godiya ne, amma ya ba ka hoto bai ba ka ilimi ba. Snapseed yana ajiye jerin matakan da aka bi, ana iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da ya nuna maka su, da gobe kai za ka yi da kanka. Kuma bai tambaye ka ba. Ni ma na taɓa yin haka. Wata ƙanwarmu ta saka hoton kakarta, na ga wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe, na yanke ta don hoto ya yi tsabta. Ta rubuto mini cewa ƙwaryar nan tun ta auren kakar ce, saboda ita ma ta ɗauki hoton. Tun ranar ba na taɓa hoton kowa sai na tambayi abin da yake so mu gani, sannan in nemi izini.

Kai ma akwai naka. Ka ce a faɗa maka gaskiya, amma ba ka ce gaskiyar me ba. In za ka sake sakawa, ka turo hoton ta wurin da ake tura takardu, don ya iso yadda yake ba a matse ba. Ka faɗi wayar, ka faɗi lokacin, ka faɗi abin da ya tsayar da kai har ka ɗauka, sannan ka yi tambaya ɗaya. In an soki wani abu, kada ka yi saurin kare kanka, ka ce "ina daidai, Yaya?" har ya nuna maka wurin. Wanda ya kasa nunawa, ra'ayinsa ne kawai, kana iya ɗauka kana iya bari. In mutum biyu da ba su yi shawara ba suka nuna wuri guda, to ka tsaya ka duba.

Za ka ji ana yawan cewa kada a sa mutum a tsakiya, a sa shi a kan ɗaya daga layukan nan huɗu masu raba allo gida tara. Kunna layukan a wayarka, suna da amfani, ko don su hana ka karkata. Amma ba doka ba ce. Keïta sau da yawa a tsakiya yake zaunar da mutanensa, kuma babu wanda ya ce ya yi kuskure.

Game da wannan hoton, ni na farko zan ce ka bi, tunda baduku yana nan, kuɗin kabu-kabu kawai zai ci maka. Amma kada ka goge tsohon. Yau ka buɗe asalinsa, ka miƙe shi, ka yanke bokitin, ka ɗaga inuwar fuska kaɗan ba tare da ka taɓa launin fata ba, don hannunka ya saba. Ran kasuwa kuma ka je da hantsi. Ka gaida Baba, ka nuna masa na farkon, ka nemi izininsa, in da hali ka wanko masa ɗaya ka kai masa. Sannan ka tsuguna daidai hannuwansa, katanga a bayansa, ka duba kusurwa huɗu na allon kafin ka danna. Ka ɗauki uku: ɗaya na hannuwa kaɗai, ɗaya daga ƙirji zuwa rawani, ɗaya da kayan aikinsa a gabansa. Ka turo mana su ba gyara, tare da tsohon, mu jera su mu gani.