MDN Web Docs: kundin da mai gina shafukan intanet ke buɗewa yana tsakiyar aiki

Littattafan koyon rubuta manhaja iri biyu ne. Akwai wanda ake karantawa daga bango zuwa bango a lokacin koyo, akwai kuma wanda ake ajiyewa kusa da hannu domin a duba mas'ala guda, a rufe, a ci gaba da aiki. Iri na biyun shi ne ya fi amfani ga wanda ya riga ya shiga sana'ar, kuma a shekarun baya manyan littattafai ne na takarda, wasu shafukansu sun haura dubu, waɗanda kan tsufa tun kafin bangonsu ya yage saboda yadda burauzoji, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, ke sauyawa. A yau kundin da ya gaje wannan matsayi shi ne MDN Web Docs, kuma a ganina ya cancanci matsayin, ko da yake yana da giɓin da ya shafe mu kai tsaye.

Mozilla, masu burauzar Firefox, su ne suka kafa shi a shekarar 2005, sannan a 2017 Microsoft da Google da Samsung suka amince su mara masa baya, maimakon kowanne ya riƙa rubuta nasa bayanin daban. Kyauta ne, ba a buƙatar rajista kafin a karanta, kuma ya ƙunshi HTML da CSS da JavaScript, wato harsunan da ake gina shafi da su, da sauran hanyoyin da shafi ke bi wajen magana da burauza. Tun daga ƙarshen 2020 rubutun nasa yana GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, inda duk wanda ya ga kuskure zai iya gabatar da gyara a duba.

Ƙarfinsa yana cikin tsarin kowane shafi, wanda ba ya canzawa: taƙaitaccen bayani, misalin da za a iya sauyawa a gwada nan take, yadda ake rubuta umarnin, abin da yake karɓa, abin da yake mayarwa, da kuma inda yake yin ba daidai da zaton mutum ba. Wannan kashi na ƙarshe shi ne ke ceton lokaci. Mu ɗauki umarnin sort na JavaScript, wanda ake jera abubuwa da shi. Idan aka ba shi farashi uku, 1500 da 200 da 90, mai aiki zai zaci 90 ne zai zo farko, amma sai ya ga 1500 a gaba, 200 na biye, 90 a ƙarshe. Shafin ya bayyana dalilin tun daga sakin layinsa na farko: idan ba a gaya wa umarnin yadda zai kwatanta ba, yana mayar da lambobi rubutu ne, ya jera su harafi bayan harafi. Ya kuma yi gargaɗin cewa umarnin yana sauya ainihin jerin da aka ba shi, sannan ya nuna toSorted, wanda ya shigo a 2023 kuma yake barin jerin asali yadda yake. Haka nan shafin fetch, wanda ake ɗauko bayanai da shi daga nesa, ya faɗa ƙarara cewa amsar 404, wato ba a samu abin da aka nema ba, ba ta sa umarnin ya bayyana gazawa, sai mai rubutu ya duba da kansa ko amsar ta yi daidai. Wanda bai san wannan ba yana iya kwana yana neman dalilin da ya sa shafin kwastomansa ke nuna fili babu komai, alhali babu wani saƙon kuskure.

Abin da babu littafin takarda da zai iya yi shi ne jadawalin da ke ƙasan shafi, mai nuna wace burauza ce ke gane umarnin, kuma daga wane zubi ta fara gane shi. Tun 2023 an ƙara wata alama a saman shafuka mai suna Baseline, wadda ke nuna cewa abu ya shiga Chrome da Edge da Firefox da Safari, kuma sai ya yi wata 30 a haka kafin a ce ya yaɗu sosai. Ga wanda ke gina shafin makaranta ko na kanti, inda masu ziyara da dama ke riƙe da tsofaffin wayoyin Android da ba a sabunta burauzarsu ba, wannan jadawali ne ke raba gardama kan ko a yi amfani da sabon umarni ko a haƙura da tsohon.

A nan ne kuma giɓin yake. Jadawalin ya ƙunshi Samsung Internet da Opera ta Android, amma babu Opera Mini a cikinsa, alhali ita ce burauzar da mutane da yawa a Najeriya da Nijar suka daɗe suna dogaro da ita domin tattalin data. A yanayinta na matse data sosai, kwamfutocin kamfanin Opera ne ke fara sarrafa shafin kafin ya iso waya, kuma JavaScript ba ya samun cikakkiyar damar aiki. Saboda haka umarni na iya samun alamar amincewa a MDN amma ya ƙi motsi a hannun mai sayen da aka gina shafin dominsa. Dole mai aiki a wannan yanki ya haɗa da shafin Can I use, wanda ke da gurbin Opera Mini, ya kuma gwada aikin a kan wayar kanta.

Matsala ta biyu ita ce dogaro da intanet. Littafin takarda ba ya buƙatar sabis, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce a wurinmu. A 2022 Mozilla ta fito da tsarin biya mai suna MDN Plus, wanda ya haɗa da karatu ba tare da intanet ba, amma hanyar da na fi ba da shawara ita ce shafin DevDocs, wanda kyauta ne, yana ɗauko bayanan MDN, kuma yana ba da damar sauke sassan da ake buƙata cikin burauza a ajiye. Batun harshe ma yana nan: akwai fassarar Faransanci, wadda za ta taimaki 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, amma babu Hausa, kuma Ingilishin shafukan na ƙwararru ne, ba ya sassauta wa sabon shiga.

Kundin kamar ƙamus yake: zai gaya maka ma'anar kowace kalma, amma ba shi zai koya maka haɗa magana ba. Akwai sashen koyo na masu farawa, kuma ba shi da laifi, sai dai wanda yake son ya fahimci yadda ake tsara babban aiki, ko dalilin da ya sa JavaScript ke jinkirta wasu ayyuka ya gabatar da wasu, zai fi samun biyan buƙata a littafin da marubuci ɗaya ya zauna ya jera babi bayan babi. Ga ɗalibi, ina ganin ya fara da irin wannan littafi, ya riƙa leƙa MDN a gefe. Ga wanda yake da aikin da zai miƙa ranar Litinin kuwa, MDN ya fi kowane littafi da na sani, matuƙar ya sauke kwafinsa ta DevDocs, ya kuma ajiye tsohuwar waya mai Opera Mini domin gwaji.