Darasin poka ta waya da alkawarin albashin wata: abin da na gani a littafin lissafin ɗan wana

Bayan an kakkaɓe riɗi bara, ɗan wana ya kai nasa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo ƙauyenmu da ke kusa da Gumel da kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. A cikin makon nan ne ya biya naira 15,000 ya shiga wani zaure na Telegram da ke koyar da wasan karta na Turawa da ake kira poka, wanda masu zauren suke tallata shi a matsayin hanyar samun kuɗin shiga duk wata ba tare da mutum ya tafi cin rani ba. Ban sani ba sai da aka yi kwana goma. Ni malamin lissafi ne a makarantar firamare, shi ya sa ya zo mini da wayarsa ya ce, "Baffa, wannan ba irin cacar bakin kasuwa ba ce, ilimi ne, ka saurara ka ji." Na gaya masa ra'ayina a kan halaccin abin tun a zaman farko. Da na ga ya riga ya yi nisa, sai na nemi alfarma guda, wato ya bar ni in riƙa rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita a cikin littafi. Mako bakwai muka yi a haka, kuma a kan wannan littafi da darussan da na saurara nake wannan sharhi.

Hajar da suke sayarwa kashi biyu ce. Akwai darussan murya da hotuna, cikin Hausa da aka cakuɗa da Turanci, sannan akwai wata manhaja da ake buga wasan a cikinta, wadda ba a zuba mata kuɗi kai tsaye sai ta hannun wakili: ka tura masa naira ta mai POS, shi kuma ya loda maka a asusunka na wasa. Nau'in da suke koyarwa shi ne Texas Hold'em. Kati 52 ne, a ba kowa biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya daki-daki, kowa yana zuba kuɗi ko yana janyewa. A kowane rabo mutum biyu ne suke yin zubin dole, ƙarami da babba, kuma da babban zubin ake auna komai. Teburin da yaron ya zauna babban zubinsa naira 100 ne, ana zama da ninki ɗari, wato naira 10,000. Wannan shi ne wasan tsabar kuɗi, wanda ya bambanta da gasa domin babu lokacin tashi: kana iya miƙewa duk sa'ar da ka ga dama, idan kuma kuɗinka sun ƙare kana iya sake lodawa nan take.

Adalci ya sa in faɗi cewa darussan ba shirme ba ne. Na bi lissafinsu da biro ban kama su da kuskure ba. Gaskiya ne hanyoyin da katin farko biyu za su iya zo wa mutum 1,326 ne, kuma gaskiya ne katin A guda biyu, waɗanda suka fi kowane farawa ƙarfi, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Sun koyar da cewa mafi yawan katin da aka ba ka zubarwa ake yi, cewa wanda yake magana a ƙarshe ya fi na farko dama, da yadda ake gwada kuɗin da za ka biya da tarin da ke tsakiya kafin ka bi. Mai koyarwar yana da sanyin murya da iya bayani, har na yi fatan a ce irinsa muke da shi a aji shida yana koyar da kaso da ɗigo. Wanda ya ce babu gwaninta a cikin poka bai san wasan ba.

Inda na rabu da su shi ne kalmar albashi, wadda ba ta fita daga bakinsu. Albashi abu ne da ka san ranar zuwansa da adadinsa, har ka ci bashin mai shago a kansa. Masu wannan wasa suna auna cinsu ne da yawan babban zubi a cikin rabo ɗari, kuma wanda yake cin biyar a kowane ɗari na tsawon lokaci, a cikin gwanaye ake lissafa shi. To, a ce yaron nan ya kai wannan matsayi, alhali bai kai ba. Tebur ɗaya a intanet yana ba da rabo kamar 70 a awa, saboda haka idan ya zauna awa biyar kullum zai yi kusan rabo 10,000 a wata, ribar da ake sa rai kuwa naira 50,000 ce. Amma hawa da saukar wasan, wanda a irin wannan tebur yakan kai babban zubi 80 zuwa 100 a kowane rabo ɗari, yana nufin sakamakon wata guda yana iya kaucewa daga wancan adadi da kimanin naira 90,000, ko sama ko ƙasa. Da na buga lissafin sai na ga cewa gwanin da babu shakka a gwanintarsa zai rufe wata da asara kusan sau uku a cikin wata goma, ba tare da ya yi kuskure ba. Ko katin A biyu idan suka haɗu da katin sarki (K) biyu, aka zuba komai tun farko, kashi 82 cikin ɗari ne kawai suke ci, wato kusan sau ɗaya cikin biyar mai su ne zai tashi hannu rabbana. A darasi na tara ne kaɗai aka taɓo wannan magana, cikin minti biyu, aka ce ya kamata mutum ya ajiye jarin zama ashirin zuwa talatin. A teburinmu wannan naira 200,000 zuwa 300,000 ke nan, kuɗin da ba za a taɓa su don cefane ko magani ba. Da a allon talla aka rubuta haka, da rabin 'yan zauren ba su biya ba.

Abu na biyu shi ne la'ada. Gidan wasan yana cire kashi biyar cikin ɗari daga kusan kowane tarin da aka ci, har zuwa wani iyaka, kuma a ƙananan tebura ne wannan cira ta fi ciwo, domin tarin ba ya cika girman da zai wuce iyakar. A nan ne littafina ya yi magana. Cikin mako bakwai yaron ya buga rabo kusan 9,000. Makon farko ya tashi da ribar naira 38,000, wadda ita ce ta ɗaure shi, mako na huɗu kuma ya zubar da 61,000 a dare biyu. A ƙarshe asararsa a tebur ta tsaya a naira 84,000, ban da kuɗin zaure da abin da data da caji suka ci. Da muka buɗe shafin tarihin wasa muka tara la'adar da aka cire daga tarin da ya ci, sai ta kama kimanin naira 70,000. Ma'ana, tsakaninsa da abokan karawarsa 14,000 ne kawai ya bari, sauran gida ne ya kwashe kaɗan-kaɗan, kamar gara a cikin rumbu. Daga baya wakilin ya faɗa masa da bakinsa cewa masu zauren suna da kaso a cikin la'adar duk wanda ya shigo ta hannunsu. Kuɗin shiga na duk wata yana nan, amma nasu ne, kuma ba ya dogara da ko ɗalibin ya ci ko an ci shi, sai dai da yawan zamansa.

Akwai kuma abin da mai tsara darasi a birni bai yi tunaninsa ba. A ƙauyenmu sabis ba ya zama sai a kan tudun da ke bayan makaranta. Wani dare cikin hunturu na same shi can, ya lulluɓa da bargo, wayar tana jone da ƙaramin batirin caji. Ina tsaye a kansa aka ba shi A biyu, ya ƙara kuɗi, mutum biyu suka bi shi, aka buɗe kati uku, ya sake zubawa. Sai sabis ya ɗauke. Ya miƙe yana ɗaga wayar sama yana juyawa gabas da yamma, agogon manhajar yana ci, kafin layi ya dawo an ɗauka ya janye, naira 4,600 sun tafi ga wanda wataƙila bai kai shi kati ba. Ya zauna ya yi shiru, can ya ce, "Baffa, bari in rama wannan kawai mu tafi." Sai da aka yi kiran assalatu ya shigo gida.

Game da amanar kuɗi, lodawa ba ta wuce minti biyar, cirewa kuwa sau biyu ya gwada: na farko ya ɗauki kwana uku, na biyu kwana takwas da kira ba adadi. Babu ofis, babu takarda, lambar waya ce kawai. Masu zauren suna son ba da labarin Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbi ta intanet ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar poka ta duniya a Las Begas a 2003, ko da yake wannan gasa ce, ba wasan tsabar kuɗin da suke sayarwa ba. Ba su taɓa ambaton 15 ga Afrilun 2011 ba, ranar da hukumomin Amurka suka rufe wa manyan shafukan poka ƙofa a ƙasar, aka kuma gano cewa Full Tilt Poker, ɗaya daga cikin shafukan, ba shi da kuɗin da zai mayar wa 'yan wasa ajiyarsu. Idan kamfani mai wannan girma ya gaza, ina ga wakilin da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba? Haka nan a 2019 wata manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, aikin masana na Jami'ar Carnegie Mellon da Facebook, ta doke ƙwararrun 'yan wasa a teburin mutum shida. Yaron da ke kan tudu ba shi da hanyar tabbatar da cewa mutane ne biyar ɗin da ke zaune da shi, ko kuwa biyu daga cikinsu ba a ɗaki ɗaya suke suna nuna wa juna kati ba.

Maganar da suka fi nanatawa ga yaranmu ita ce wasan gwaninta ba caca ba ne, kuma ita ta fi ɓata mini rai, domin sun san da wa suke magana. Gwaninta tana nan, na yarda, amma kuɗi ne ake zubawa a kan katin da ba a buɗe ba, kuma duk abin da wani ya samu daga aljihun na kusa da shi ya fito, ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya ta ce a nisance su, kuma limamin garinmu da na kai wa bayanin wasan dalla-dalla bai yi jinkiri ba wajen sanya shi a ciki. Ta fuskar doka ma, Jigawa da Kano suna aiki da shari'ar Musulunci tun farkon shekarun 2000, a watan Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta bar lamarin a hannun jihohi. Wanda aka cinye wa kuɗi a nan ba shi da inda zai kai ƙara ba tare da ya fara tona kansa ba.

Ba zan ba kowa shawarar biyan wannan zaure ba, ko mai jari ko marar shi. Ranar da muka rufe lissafi na miƙa wa yaron littafin, ya bi shafukan da yatsa har ya kai layin la'ada, ya daɗe a kansa. Ya cire ragowar naira 22,000 da ke asusun, ya fita daga zauren, amma manhajar tana nan a wayarsa, kuma wakilin ya turo masa saƙo sau biyu a wannan watan cewa an buɗe sabon tebur mai rangwame. Kuɗin takin da zai sa wa gonar riɗin bana, mahaifinsa ne ya ranta masa.