Sharhi kan Gwajin SCC da na HPV a Jinin Masu Kansar Dubura

Gwajin SCC antijin, wato auna wani sinadari a jini da ke iya nuna alamar kansa, yana da arha idan aka kwatanta da hoton MRI, sakamakonsa ba ya daɗewa, shi ya sa ake yawan rubuta shi ga masu kansar bakin dubura. Bayan aiki da shi wajen bibiyar marasa lafiya, hukuncinmu shi ne: a ɗauke shi sau ɗaya kafin fara magani, amma kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Yawancin kansar wannan wuri daga ƙwayoyin shimfiɗar fata take tasowa, kuma ƙwayar cutar HPV, musamman nau'i na 16, ce ke haddasa ta. Ƙwayoyin shimfiɗar fatar ne ke fitar da sinadarin SCC, wanda Kato da Torigoe suka gano a 1977 a kansar bakin mahaifa. Ɗakunan gwaji da dama suna sa iyaka a wajen nanogiram 1.5 a kowace mililita, sai dai iyakar tana canzawa daga na'ura zuwa na'ura. Don haka duk wanda aka fara yi masa a wani ɗakin gwaji, a ci gaba a can.

Inda yake da amfani shi ne kafin magani. Adadi mai yawa yakan zo tare da babban ƙari ko kansar da ta kama kaluluwa, kuma masu irin wannan sun fi fuskantar dawowar cutar. Amma fa girman ƙari sama da santimita 5 da kamuwar kaluluwa abubuwa ne da yatsan likita da MRI suka riga suka nuna. Sau da yawa gwajin maimaita labarin kawai yake yi. Ribarsa ta gaskiya tana ga wanda adadinsa ya hau tun farko: idan ya sauka bayan gashi (ƙona ƙari da hasken na'ura) da kemoterafi, daga baya ya fara hawa, to akwai dalilin gaggauta dubawa. Wanda kuwa nasa bai taɓa hawa ba, auna shi duk wata uku ɓata kuɗi ne, domin kansarsa na iya dawowa jini bai ce komai ba.

Matsalar da ta fi ba da ciwon kai ita ce hawan ƙarya. Sinadarin yana cikin fata, gumi da yawu. Mai ɗibar jini ya taɓa bakin kwalba ba safar hannu, ko ya yi magana a kan buɗaɗɗen samfur, adadin ya tashi. Soriyasis da sauran cututtukan fata masu saɓa suna ɗaga shi, haka ciwon ƙoda, saboda ƙoda ce ke fitar da shi. Ƙa'idar da muke bi: sakamako ɗaya mai yawa ba hujja ba ne. A duba fata, a auna kiriyatinin don ganin lafiyar ƙoda, a sake ɗibar jini bayan makonni kaɗan.

CEA kuwa, wani gwajin jini na alamar kansa, a bar shi ga kansar babban hanji. A nan ba ya ƙara komai, ga shi shan taba ma na ɗaga shi.

Akwai kuma batun lokaci. Maganin da aka saba, wanda ya samo asali daga aikin Norman Nigro na 1974, shi ne magungunan kemoterafi mitomycin da 5-FU tare da gashi. A binciken ACT II na Birtaniya an ba da gashi mai yawan Gy 50.4 (Gy ma'aunin gashi ne) a zama 28. Binciken ya nuna ƙarin yakan ci gaba da narkewa a hankali, har mako 26 daga fara magani. Saboda haka ba a yanke shawarar tiyatar cire dubura, wadda ke barin mutum da jakar bahaya har abada, a kan lambar jini. Sai an ga ƙari, an ɗebi tsoka, an tabbatar.

Gwajin da ya fi burge mu shi ne neman ɓurɓushin DNA na HPV a ruwan jini. Tunda daga ƙarin yake fitowa, cutar fata ko ƙoda ba sa ruɗa shi yadda suke ruɗa SCC. Ƙananan bincike sun nuna wanda ɓurɓushin bai ɓace daga jininsa ba bayan magani ya fi saurin samun dawowar cuta. Yana da tsada, ba ko'ina ake yinsa ba, kuma ba shi da amfani ga ƙarin da babu HPV a cikinsa, alhali irinsa ne ya fi taurin kai. Samfurin ma yana son kulawa: a kwalbar EDTA, wadda ke hana jini daskarewa, dole a raba ruwan jinin cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba fararen ƙwayoyin jini su fashe, DNA ɗinsu ya cakuɗe da abin da ake nema. Inda tafiya ke da nisa, sai a yi amfani da kwalabe masu sinadarin adanawa irin na kamfanin Streck.

Ga wanda kuɗinsa bai kai na duka ba, a fifita duba da yatsa, taɓa kaluluwar matsematsi da MRI a kan lokaci. SCC ya biyo baya, shi ma ga wanda nasa ya hau kafin magani.